Ko In Faɗa, Ko In Faɗi

Jama'a, ku gyara zama. Ni dama a zaune nake, kuma kafin mu rabu za ku gane cewa ba ladabi ne ya zaunar da ni ba.

Kun san yadda 'yan mata suke cewa, "Ina ganinsa sai gabana ya faɗi"? To ni ba gabana kaɗai ke faɗuwa ba. Gaba da baya, da jaka da takalmi, duk tare muke zubewa. Kuma ba sai na ga kowa ba, miƙewa tsaye kawai ta ishe ni.

Abin ya faro ne tun ina shekarar ƙarshe a makaranta. Da na miƙe sai zuciyata ta zura da gudu kamar an biyo ta, kunnuwana su toshe, duhu ya taso ta gefen idanuna. In ban yi maza na nemi wurin zama ba, sai dai in farka in ga fuskokin mutane a samana. An ɗibi jinina har na fara tunanin sayarwa suke yi, an yi hoton zuciya, an yi na kai, kowa ya ce lafiyata ƙalau. Daga ƙarshe muka dace da wata likita mai ƙaramin tabarau. Ta ɗaure ni a kan wani gado, ta tayar da gadon tsaye da ni a jikinsa, ta zuba wa na'ura ido har na sume mata.

Da na farfaɗo ta yi mana bayani, ni da Mama. Ta ce akwai jijiyoyin da ke aikinsu ba sai an sa su ba, su ke kula da bugun zuciya da zufa da tura jini zuwa kai. Nawa ma'aikatan ganin dama ne. In na tashi tsaye sai jini ya taru a ƙafafuna, zuciya ta yi ta haƙilon turo shi sama ita kaɗai.

"To me ya jawo shi?" in ji Mama.

"Ba a san dalili ba, Hajiya."

"Ke dai ba ki sani ba."

"Ba ni kaɗai ba, Hajiya. A mutane da yawa haka yake zuwa, ba a gano dalili."

Mama ta ɗaga kai ta bi takardun shaidar karatun da ke jikin bango da kallo ɗaya bayan ɗaya, ta ja jakarta, ta ce mu tafi.

Tun daga ranar rayuwata ta koma ruwa da gishiri da safa. Ina yawo da gorar ruwa wadda ta kusa kai girman jariri, da ƙullin gishiri a jaka kusa da jan baki, da wata doguwar safa mai matse ƙafa har cinya, wadda sa ta kaɗai aikin ƙarfi ne. Dogayen rigunana duk saboda ita nake ɗinka su har ƙasa, mutane suna ta yaba mini kamun kai. Gwaggo, yayar marigayi Babanmu, wadda ta zo mana ta'aziyya da niyyar kwana biyu kuma har yau tana nan, ita ta laƙaba mini suna Jarka. Aikina kuwa Allah ne ya zaɓa mini: ina amsa kiran masu ƙorafi a wani kamfanin intanet, a zaune, da abin sauraro a kunne, ana zagina ina godiya.

Kafin Malam, wanda za ku ji labarinsa yanzu, na taɓa yin wani saurayi, mai shagon turare. Shi na gaya masa gaskiya tun da wuri, don a lokacin ina ganin gaskiya abin ado ce. Ya kai maganar gidansu. Da suka ji "ba a san dalili ba" sai kowa ya kawo nasa dalilin. Innarsa ta ce aljanu ne, yayarsa ta ce farfaɗiya ce muke sakaya ta, wani kawunsa da bai taɓa ganina ba ya ce irinmu ba ma haihuwa. Mai turare ya ɓace, ko ƙamshinsa ban sake ji ba. Na yi kuka, amma Mama ta fi ni, a ɓoye take nata a kicin tana cewa albasa ce.

Shi ya sa da Malam ya bayyana ta zaunar da ni a bakin gadonta, ta riƙe hannuna gam.

"Auta, wannan karon kada ki faɗa. Kin ji ni? Kada ki kuskura ki faɗa masa. A bari a ɗaura, in ya so ya gani da idonsa a hankali."

"Mama, in na faɗi a gabansa fa?"

"Ki ce yunwa ce."

Na yi mata alkawari. Ku riƙe kalmar nan da kyau, *faɗa* ta ce, za mu dawo kanta.

Malam malamin lissafi ne a wata sakandare. Kiran ƙorafi ya haɗa mu. Ya bugo yana cewa ya auna gudun intanet ɗinsa safe da yamma, ya fitar da matsakaici, kuma kamfaninmu maƙaryaci ne. Na ce masa, "Yallaɓai, ka kashe ka kunna." Ya ce wannan ba amsa ba ce. Washegari ya sake bugowa ya ce a ba shi "mai amsar nan", daga nan sunana a wurinsa ya zama Amsa. Dogo ne siriri, rigunansa duka ruwan toka, guga kamar za ta yanke ka, kuma kullum akwai ƙurar alli a gefen hannun rigarsa ta dama. Ba ya iya zaƙin baki ko na sisi. Abin da ya fi kusa da kalaman soyayya da ya taɓa gaya mini shi ne, "Yiwuwar a ce ke za ki ɗauki kirana ƙarama ce ƙwarai, Amsa, na yi lissafinta."

Ni kuma, Allah ya gani, sai abin ya shige ni.

Matsalar ta zo ne a cikin ɗan akwati mai ɗaurin jan ƙyalle. Agogon hannu ne, irin mai ƙirga taku da bugun zuciya. Ya sayi biyu, nawa da nasa, ya haɗa su da wayoyinmu wai don mu riƙa gasar tafiya. Ni da tafiya! Na sa hannu na karɓa ina murmushi, ban san cewa ɗan tsegumi na ɗaura a hannuna ba. Ashe duk lokacin da zuciyata ta wuce kima sai ya aika masa da saƙo.

Ranar da ya fara zuwa bayan nan, yana ƙwanƙwasa ƙofa na miƙe daga kujerar falo na je na buɗe, na tsaya muna gaisawa, na dawo na zauna ina murmushin ƙarfin hali ina kurɓar ruwa. Bayan ya tafi sai ga saƙo.

*Na gani. 138.*

*Me ka gani?*

*Bugun zuciyarki lokacin da kika buɗe mini ƙofa. Kada ki ji kunya. Nawa ma ya kai 96.*

Wallahi na daɗe ina kallon wayar. Na rubuta "Ai ba haka ba ne", na goge. Na rubuta "Zafi ake yi", na goge. Daga ƙarshe na aika masa da hoton biri ya rufe ido, na kifa kaina a filo.

Na nuna wa Mama don ta ga halin da ta jefa ni. Sai ta kwashe da dariya har da riƙe ciki, ta ƙwala wa Gwaggo kira.

"Yaya, zo ki ga ikon Allah! Ciwon ma ya zama ɗan aike."

Gwaggo ta sa tabarau ta karanta, ta ce, "Jarka, ki riƙa tashi da sauri in ya zo, ko ya kai ɗari biyu a sa rana."

Haka aka yi ta tafiya. Malam ya zama wani mutum daban. Ya fara sa riga mai ruwan sararin samaniya. Ya fara yi mini waƙa a saƙon murya, abin da ya kamata hukuma ta hana. Ya taɓa gaya mini a falo, kansa a ƙasa, cewa shi tun yana yaro bai taɓa yarda wata za ta so shi ba, don ya san ba shi da baki, amma lamba ba ta ƙarya. Na ji kamar in nutse a cikin kujera. Ina son mutumin nan, ku gane, ina son sa da gaske. Amma shaidar da ya riƙe a hannunsa ta jabu ce, kuma ni na san haka.

Sai mai gas ya shigo labarin.

Wata safiya ina hutu a gida, Mama ta fita, Gwaggo tana wanka, mai kawo tukunyar gas ya buga ƙofa. Na buɗe masa, na tsaya a bakin kicin yana ɗaura tiyo yana ba ni labarin ciwon bayansa. Dattijo ne mai jikoki, haƙoransa na gaba sun riga shi yin ritaya. Yana fita na zube a kan buhun shinkafa ina haki, sai waya ta yi ƙara.

*Wa ya zo gidanku yanzu?*

*Mai gas.*

*151, Amsa.*

*To?*

*Ni a wurinki ban taɓa wuce 140 ba.*

Na yi dariya har da hawaye, na ɗauka wasa yake. Ashe ba wasa. Bayan kwana biyu na tsaya a layin kantin magani, ya tambaye ni wa ke kantin. Na tsaya gaisawa da shugaban sashenmu a ofis, ya tambaya ko yana da aure. Waƙoƙi suka tsaya, rigar ruwan toka ta dawo. Saƙonninsa suka gajarce har suka koma "To" da "Madalla". Kuma yayarsa, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, an riga an tsayar da cewa ƙarshen mako za ta zo ganina.

Ana saura kwana biyu ya aiko: *Zan zo da yamma. Akwai abin da nake so in fahimta kafin Yaya ta zo. In akwai wani, gara in sani.*

Na kai wa Mama wayar a kicin tana yanka kabeji.

"Mama, zai tafi. Yana zaton mai gas nake so."

"Ki rantse masa."

"Mutumin da ya yarda da agogo fiye da rantsuwa? Ki bar ni in gaya masa."

Ta ajiye wuƙar. "Auta, na ga yadda kika koma wancan karon. Ƙashi da fata. Ba zan sake zama ina ji ana kiran 'yata mai aljanu ba. Kishi yana wucewa, wannan maganar in ta fita ba ta komowa. Kin yi mini alkawari."

Idanunta sun kaɗa, kuma babu albasa a kan katakon. Na juya na fita.

Na shiga ɗaki na yi kwalliyata tsaf. Na yi kokawa da safa har na ci nasara, na sa doguwar rigata koriya mai ƙananan maɓallai a hannu, na yafa mayafi ruwan madara, na zizara kwalli. Sai na yi abin da ban taɓa yi ba tun da likita ta ɗaure ni a gado: na bar gorar ruwana a kan madubi. Na fito falo na janye teburin tsakiya mai gilashi zuwa bango, na jera filallikan kujera a kan kafet.

Gwaggo ta leƙo. "Jarka, kokawa za ku yi?"

"Shara zan yi, Gwaggo."

"Da kwalli?"

Ya zo fuskar nan a ɗaure. Ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, ya jera su daidai da juna kamar yadda ya saba, ya gaida su Mama, ya zauna a kujerar da ke kallon firij. Firij ɗinmu a falo yake, kicin ya yi masa kaɗan. Mama da Gwaggo suka shige kicin suka saki labule, ina hango yatsun ƙafafunsu ta ƙasa.

"Amsa," ya fara, "ni ba mai yawan magana ba ne."

"Na sani, Malam. Ni ma yau an hana ni magana. Fito da wayarka."

Ya fito da ita.

"Nawa ka gani?"

"Saba'in da takwas."

"Ga ka a gabana, ga ƙamshin turarenka, ga gugar rigarka. Saba'in da takwas. To riƙe wayar da kyau. Zan tashi in juya maka baya in kalli firij. Kada ka yi magana, kada ka yi tari. In ka ga na yi ƙasa, ka ɗora ƙafafuna a kan kujera, shi ke nan aikinka."

"In kin yi ƙasa kamar yaya?"

Na miƙe.

Labulen kicin ya motsa. Na ji Mama ta ce "Auta!" ƙasa-ƙasa, irin kiran da ke nufin za mu haɗu. Na ce a raina, ki yafe ni Mama, cewa kika yi kada in faɗa, ba ki ce kada in faɗi ba.

Na tsaya ina kallon firij. Tsohon firij ne fari mai tsatsa a gindi, da maganaɗisu mai siffar ayaba manne a ƙofarsa. Zuciyata ta fara abin nata.

"Ɗari da goma," in ji Malam a bayana, ya manta an hana shi magana. "Ɗari da ashirin da biyar. Amsa, me ke cikin firij ɗin?"

"Kabeji."

"Ɗari da arba'in da biyar!"

"Ka ga ya wuce ka. Sai ka haɗa shi da mai gas ka yi kishin gaba ɗaya."

Tafin hannuna ya jiƙe. Kunnuwana suka toshe, muryarsa ta koma kamar daga cikin rijiya. Duk jikina yana roƙona in zauna, shekara da shekaru ina jin maganarsa, yau na ƙi. Ayabar jikin firij ta zama biyu, ta yi baƙi, daga nan ban san sauran ba.

Na farka ina kallon fankar silin. Ƙafafuna suna kan kujera, rigata ta zame zuwa gwiwa, safar nan da na ɓoye wa duniya tana gaisawa da jama'a. Fuskata sharkaf, don Gwaggo ta juye mini ruwan jug guda, kwallina ya gangaro har kunne. Mama tana durƙushe a kaina tana yi mini fifita da murfin tukunya, tana kuka tana zagina a lokaci guda.

"Yunwa ce," in ji Gwaggo da ƙarfi. "Ba ta ci komai ba tun safe."

"Yaya, bari," Mama ta ce. Ta share fuska da gefen zaninta, ta dubi Malam. Ita da ta hana ni faɗa, ita ta faɗa da bakinta, tun daga gadon likita har mai turare. Ba ta rage komai ba. Da ta zo wurin dalili sai ta ce, "Ba a san dalili ba, ɗana. Mun tambaya har mun gaji. Ba ya kisa, ba a ɗauka, amma ba mu san ranar tafiyarsa ba. Ni na hana ta gaya maka, in laifi ne nawa ne."

Malam yana tsugune a gefen kafet, wayar tana hannunsa. Na jira ya tambayi ko aljanu ne, ko ana haihuwa da shi, na riga na haddace tambayoyin. Bai yi ko ɗaya ba. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce a hankali,

"Ashe duk ba nawa ba ne."

"Malam…"

"Na ranar farko ma? Da kika buɗe ƙofa?"

"Ƙofar ce," na ce. "Tashin ne."

Ya gyaɗa kai. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta mutu haka a gabana ba. Ni ina can ina tsoron ciwona zai kore shi, ashe abin da na ƙwace masa ya fi wannan: abu ɗaya tak da ya taɓa sa shi yarda cewa ana son sa. Ya sa wayar a aljihu, ya miƙe, ya ce wa Mama Allah ya ƙara sauƙi, ya ce yana bukatar ya yi tunani. Ya nufi ƙofa.

Ina kwance ina kallonsa a juye, ya zura ƙafa ɗaya a takalmi, ya zura ɗayar. Na so in tashi, Mama ta danne kafaɗata. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba ko a gadon likita. Mai turare da ya tafi, kunya na ji. Wannan in ya fita, ban san yadda zan yi da sauran ranakuna ba.

Ya kama hannun ƙofa.

Sai agogon ya girgiza a hannuna, wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

Ya tsaya. Ya fito da ita kamar mai tsoron ta cije shi. Ya duba, ya juyo ya dube ni, ya sake duba.

"Kina kwance," ya ce.

"Ina kwance."

"Ƙafafunki a sama."

"Kai ka ɗora su."

"A kwance ba ya hawa. Haka Mama ta ce yanzu."

"Bai taɓa ba."

Ya waiga ya dubi firij, don Allah ku ji mutum, sai da ya tabbatar ba shi nake kallo ba. "Ɗari da goma sha tara. To wannan na waye?"

"Ke Jarka, ba shi amsa mana," in ji Gwaggo, "ruwan jug ɗin ya ƙare."

Na dube shi da kwallina har kunne da safata a waje, na ce, "Kai ne malamin lissafi."

Ya saki hannun ƙofar. Ya sunkuya ya tuɓe takalmansa, kuma a karo na farko tun da na san shi bai tsaya jera su ba.